Sabuwar makarantar cata ko ta unguwa: ina za a kai ɗan shekara biyar a Bronx?

Daga Disamba zuwa Afrilu, gidan da ke da yaron da zai cika shekara biyar a birnin Niyok na Amurka ba ya rasa takardun talla a akwatin wasiƙa. Hotunan yara fes cikin yunifom, an rubuta cewa sabuwar makaranta za ta buɗe a Agusta, kyauta ce, kuma karatunta ba irin wanda aka saba ba ne: babu zaman benci layi-layi, yaro zai koya da hannunsa, za a bi shi gwargwadon fahimtarsa. Iyaye Hausawa na Bronx, ɗaya daga yankunan birnin, 'yan Gana da Nijar da Najeriya da Togo, da yawa a nan suke tsayawa suna jujjuya takardar. A kai yaron can, ko a miƙa shi makarantar gwamnati ta unguwa da kowa ya sani da kyanta da muninta?

Irin wannan sabuwar makaranta ita ake kira makarantar cata (charter school). Ta gwamnati ce ta fuskar kuɗi, amma ba ma'aikatar ilimi ta birni ke tafiyar da ita ba. Wata ƙungiya ce mai kwamitin amintattu take neman lasisi, a ba ta na wasu shekaru, a sakar mata mara wajen tsara manhaja da ɗaukar malamai da tsawon ranar karatu, bisa sharaɗin in ba ta nuna sakamako ba a ƙwace lasisin. Jihar Minesota ce ta fara kafa dokar a 1991, makaranta ta farko ta buɗe a birnin St. Paul a 1992, jihar Niyok kuma ta bi sahu a 1998. Yau kusan kashi 15 cikin ɗari na yaran makarantun gwamnati a birnin Niyok a irin waɗannan makarantu suke. Ba a biyan ko sisi, ba a yi wa yaro jarrabawar shiga, in masu nema sun fi kujeru yawa sai a yi ƙuri'a.

Abu ɗaya da ya kamata a kawar tun da wuri: ba Islamiyya ba ce, ko da waɗanda suka kafa ta Musulmi ne, ko da an saka mata suna mai daɗin ji. Doka ta hana ta koyar da addini kamar yadda ta hana makarantar unguwa. A Minesota an yi wata mai suna Tarek ibn Ziyad Academy, aka maka ta kotu a 2009 bisa zargin cakuɗa addini da karatun gwamnati, ta rufe a 2011. A 2025 ma yunƙurin buɗe ta Katolika a jihar Oklahoma ya tsaya, bayan alƙalan Kotun Ƙolin Amurka sun rabu huɗu da huɗu. Mai neman ɗansa ya yi Ƙur'ani da rana sai ya nemi makarantar kuɗi, wannan kuma wani lissafi ne daban.

Takardar tallar nan tana sayar maka da abu biyu a ƙunshi ɗaya, kuma ya kamata ka kwance ƙunshin. Na farko salon koyarwa ne. Na biyu kuwa makaranta ce da ba ta taɓa koyar da kowa ba. Mutum zai iya son na farko ƙwarai, na biyun ya hana shi barci.

Sabuwa ce, to sai me?

Sabbin makarantun cata na firamare galibi suna buɗewa da kindagatin da aji ɗaya kawai, su riƙa ƙara aji guda duk shekara. Jarrabawar jiha ta Turanci da lissafi kuwa sai a aji uku ake fara ta. Ke nan makarantar da ta buɗe bana, sai ta yi shekara uku kafin a ga makinta na farko, kuma makin na yaran da suka fara shiga ne, wato ɗanka ko waɗanda ke gabansa da aji ɗaya. Makarantar unguwa kuwa makinta na shekaru yana nan a shafin ma'aikatar ilimi, da ra'ayin iyaye da na malamai da ake tattarawa duk shekara, da yawan yaran da ke fashi. Ko da abin da za ka gani bai yi maka daɗi ba, ka dai gan shi.

Masu talla za su kawo maka binciken cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford, kuma ba ƙarya suke yi ba. Rahotonta na 2023 ya nuna cewa a faɗin Amurka yaran makarantun cata sun fi takwarorinsu na makarantun unguwa ci gaba da abin da ya kai karatun kwana 16 a shekara wajen iya karatu, da kwana 6 a lissafi. Sai dai a cikin rahoton an bambanta makarantun da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi masu rassa da waɗanda ke tsaye su kaɗai. Masu rassa ne suka ɗauki mafi yawan nasarar. Masu zaman kansu sun ɗan fi a karatu, a lissafi kuwa kusan kunnen doki suka yi da makarantun unguwa. Sabuwar makaranta mai salon daban kusan kullum cikin rukuni na biyu take. Rahoton farko na wannan cibiya, na 2009, ya ma fi ba da tsoro: kashi 17 ne kawai na makarantun suka fi na unguwa a lissafi, kashi 37 suka gaza su. An samu ci gaba tun daga lokacin, kuma rufe marasa kyau na cikin dalilan ci gaban. Alheri ne ga tsarin baki ɗaya, amma ba ga uwar da aka rufe makarantar 'yarta tana aji biyu ba.

Rufewar ba abin mamaki ba ce. Ƙungiyar Network for Public Education, wadda ba ta ɓoye adawarta da makarantun cata, ta fitar da ƙididdiga a 2020 daga bayanan gwamnatin tarayya cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun na rufewa kafin su wuce shekara biyar. A rage wani abu saboda masu maganar abokan hamayya ne, a kuma rage saboda jihar Niyok ta fi jihohi irin su Arizona da Florida tsanani wajen ba da lasisi. Abin da ya saura ma ya isa a yi tunani.

Ba ƙarancin maki ne ke fara kayar da sabuwar makaranta ba, kuɗi ne. Kuɗin gwamnati kan kowane yaro ake biyan sa, a birnin Niyok ya haura dala dubu 18 a shekara. Makarantar da ta tsara kasafinta kan yara 150 ta samu 100, ta rasa kusan dala miliyan ɗaya, alhali hayar gini da albashin shugaba ba su ragu ba. Mataimakiyar malama ake fara sallama, sai malamin kiɗa da zane, sai shirin riƙe yara bayan an tashi, wato dai abubuwan da suka ja hankalinka a takardar talla. Saboda haka tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: yara nawa kuka tsara ɗauka, nawa suka yi rajista zuwa yanzu? Makarantar da har Yuli take buga maka waya tana roƙo, ta riga ta ba ka amsa.

Akwai kuma alherin da ba a samu sai a sabuwa, ban ƙi ba. Yara ɗari ne a ginin gaba ɗaya, shugabar makaranta ta san sunan kowa har da na ƙannensa. Malaman shekarar farko da zuciya ɗaya suke zuwa. Iyayen farko su ke kafa al'ada: in kuka ce a tanadi abincin halal, ko a bar yarinya ta sa hijabi launin yunifom, ko a rufe ranar Sallah, da wuya a ƙi, domin ana bukatarku. A makarantar unguwa mai yara ɗari bakwai muryarka ɗaya ce cikin taro.

Salon karatun

Kalmar da suke amfani da ita ta "karatu na daban" tana rufe abubuwa masu nisa da juna, kuma biyu sun fi yawo.

Montessori, tsarin likitar nan 'yar Italiya Maria Montessori da ta buɗe ajinta na farko a Roma a 1907, yana haɗa yara masu tazarar shekara uku a aji ɗaya: uku zuwa shida, shida zuwa tara. Da safe a ba su kusan awa uku a jere, kowa ya ɗauko aikin da aka nuna masa daga kan kanta, ya yi shi a tabarma ko ƙaramin tebur, malama tana zagayawa tana duba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu ba: kowa da inda karatunsa ya tsaya, ba a wanke maka sai ka iya, manya kuma suna biya wa ƙanana. Akwai bincike mai kyau a bayansa. Angeline Lillard ta kwatanta yaran da ƙuri'a ta ba su gurbi a wata Montessori ta gwamnati a Milwaukee da waɗanda ƙuri'ar ta ƙi, aka buga a mujallar Science a 2006, 'yan shekara biyar na Montessori suka fi a karatu da lissafi da zama da mutane.

Amma a lura da inda gizo ke saƙa. Sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai liƙa shi a ƙofa. Ƙungiyoyin AMI da AMS su ne sanannu wajen horar da malamai, sai ka tambaya malamai nawa ne ke riƙe da takardarsu a hannu yanzu, ba waɗanda "za a tura horo" ba. Na biyu kuma ya fi damuna. Ajin Montessori yana tafiya ne saboda kashi biyu cikin uku na yaran tsofaffin hannu ne, sabbi suna kwaikwayonsu. A makarantar da ta buɗe jiya babu tsohon hannu ko ɗaya. Yara ashirin da biyar ne, duk ba su taɓa ganin kayan ba, an ce kowa ya zaɓi aikinsa. Gogaggiyar malama za ta daidaita su cikin 'yan watanni. Sabuwar malama a sabon aji a sabuwar makaranta kuwa, shekarar na iya ƙarewa ana ta tattara tubalan katako daga ƙasa.

Waldorf daban ne ƙwarai. Rudolf Steiner ne ya kafa ta farko a Stuttgart ta Jamus a 1919, kuma makarantun cata masu bin sa sun fi yawa a Kalifoniya da yammacin ƙasar. Tatsuniya, waƙa, saƙa, zane, wasa a waje ko ana sanyi, babu kwamfuta ko talabijin a ƙananan azuzuwa, malami ɗaya ya bi aji shekaru da yawa. Ba a matsa wa yaro koyon karatu a kindagatin, sai wajen shekara bakwai ake shiga shi gadan-gadan. Ga yaron da aka haifa cikin Turanci, gidansu cike da littattafai, wannan jinkiri ba ya cutarwa. Ga yaron da Hausa ce a bakinsa, iyayensa kuma na fita aiki tun asuba, ni ba zan ba da shawarar a jira ba. In har kuka bar makarantar yana aji biyu, zai tarar da sa'o'insa sun yi nisa. Tsarin kuma yana da tushe a wata falsafar ruhi ta Steiner. Makarantun gwamnati masu binsa suna cewa sun ɗauki salon sun bar aƙidar, amma iyaye Musulmi ko Kirista suna da damar tambayar waɗanne bukukuwa ake yi da waɗanne baitoci yara ke rerawa da safe.

Makarantar unguwa a wannan fage ta canza fiye da yadda mutane suka sani. Tun 2023, ƙarƙashin shirin NYC Reads, an wajabta wa firamaren birnin zaɓar ɗaya daga manhajoji uku na koyon karatu, tare da koyar da sautin haruffa a tsare. Makarantun cata wannan doka ba ta hau kansu ba. To, ko wane salo suke bi, ka ce a nuna maka yadda ake koya wa ɗan shekara biyar haɗa baƙi da wasali, minti nawa a rana, da wane littafi, kuma yaushe ake gwada shi a gaya maka inda yake. In amsar ita ce kowane yaro da lokacinsa, ka sake tambaya.

A gefe guda, mu ma mu san halinmu. Da yawanmu ba ma yarda yaro na karatu sai mun ga jaka cike da aikin gida da jan biro a littafi. Irin waɗannan makarantu ba sa ba da aikin gida sosai, wasu ba sa ba da maki sai dogon bayani, a wasu ma yara da sunan malama suke kiran ta tsagal. In wannan zai riƙa ci maka rai kullum, kada ka fara. Akwai tsofaffin makarantun cata masu rassa, irin KIPP da ta shigo kudancin Bronx a 1995 da Success Academy da ta fara a Harlem a 2006, masu tsauraran dokoki da makin jarrabawa da kowa zai iya dubawa. Su ma suna da masu suka, musamman kan tsananin horo ga ƙananan yara, amma aƙalla ka san abin da ka shiga.

Abubuwan yau da gobe

A nan ne mafi yawan iyalai ke yanke shawara, ko da sun ce falsafa suka bi.

Ranar makarantar unguwa awa shida da minti ashirin ce, ana tashi wajen ƙarfe biyu da rabi. Makarantun cata da yawa suna kaiwa kusan huɗu, kuma suna komawa tun Agusta. Ga direban tasi ko mai aikin kula da tsofaffi a gida, wannan sauƙi ne babba. Ga wanda ɗansa ke zuwa Islamiyya da yamma, yaron zai iso can a gajiye liƙis. Motar makaranta mai ruwan ɗorawa ma'aikatar ilimi ce ke bayarwa ga ɓangarorin biyu gwargwadon nisa, amma ka tambaya ko tana zuwa a ranakun da makarantar cata ke buɗe sauran na hutu, domin kalandarsu ba ɗaya ba ce. Haka maganar Sallah: tun 2015 makarantun birnin ke rufewa ƙaramar Sallah da babba, ita kuwa cata ita ke tsara hutunta. Abinci kyauta ne ga kowane yaro a makarantun birni tun 2017, wasunsu kuma suna da kicin na halal. Sabuwar makaranta tana iya karɓar abincin birni, tana iya ɗauko ɗan kwangila.

Yawan yara a aji ya juya yadda ba a zata ba. Dokar jiha ta 2022 ta ce daga kindagatin zuwa aji uku kada a wuce yara 20 a makarantun birnin Niyok, ana aiwatar da ita sannu a hankali zuwa 2028, kuma ba ta shafi makarantun cata ba. Malaman makarantar unguwa dole su riƙe lasisin jiha, suna cikin ƙungiyar ƙwadago, shi ya sa za ka tarar da wadda ta shekara goma sha biyar tana koyar da kindagatin a ɗaki ɗaya. Doka ta yarda makarantar cata ta ɗauki wasu marasa lasisi, malamanta kuma sun fi yawan sauyawa.

Yara iri biyu nake ganin hakkinsu ya fi tsaruwa a tsohuwar makaranta. Na farko wanda Turancinsa bai nuna ba. Wajen rajista za a ba ka takarda a tambayi harshen gida. Ka rubuta Hausa, kada ka ɓoye don tsoron a raina yaron, domin da ita ake gwada shi a ba shi malamin Turanci na musamman. Kowace makaranta dole ta yi wannan, amma ta unguwa tana da malamin a ƙasa, sabuwa kuwa wataƙila tana kan nema. Iyaye 'yan Nijar da Togo kuma su sani ma'aikatar ilimi tana fassara muhimman takardunta zuwa Faransanci da Larabci. Na biyu yaron da ke da jinkirin magana ko wata bukata ta musamman, mai takardar IEP, wato rubutaccen tsarin taimakon da za a ba shi a makaranta. Makarantar cata ba ta da ikon ƙin sa, kuma kwamitin gundumar ilimi ne ke tsara masa abin da ya cancanta. Sai dai ƙaramar makaranta ba lallai ta iya buɗe ƙaramin aji ko ajiye mai gyaran magana kullum ba. In shugaba ya fara ce maka "anya nan ta dace da shi?", ka fahimci zancen.

To wa ya kamata ya gwada sabuwar? A ganina, iyalin da yaronsu ke jin Turanci, yake da lafiya, akwai mai zama da shi ya yi karatu da dare, kuma za su iya jure canjin makaranta in abin ya ƙi. Su ma sai sun ga abu uku da idonsu: shugabar da ta taɓa riƙe makaranta, wadda za a iya bincika tarihin inda ta baro, gini da aka riga aka sa hannu a kansa, mai adireshi, ba "muna tattaunawa" ba, da malaman da aka riga aka ɗauka da sunayensu. Takardar neman lasisin makarantar ba sirri ba ce, tana shafin hukumar da ta amince da ita, ko Jami'ar Jihar Niyok wato SUNY ko hukumar ilimi ta jiha, kasafin shekara biyar na ciki. Zaman kwamitin amintattu ma a buɗe yake ga kowa. Zuwa sau ɗaya zai nuna maka ko mutanen sun san kuɗi da doka, ko abokan mai makarantar ne kawai.

Sauƙin abin shi ne ba sai ka zaɓa a Janairu ba, domin hanyoyin neman biyu ne kuma ba sa cin karo. Na makarantun birni ta shafin MySchools ake yi, daga Disamba zuwa Janairu, kuma duk yaron da zai cika biyar a shekarar yana da tabbacin kujera. Mazauna gunduma ta 7 a kudancin Bronx su lura cewa firamarensu ba a raba su unguwa-unguwa ba, sai sun jera zaɓinsu. Na cata kuwa 1 ga Afrilu ne wa'adi, sannan a yi ƙuri'a, ana fifita ƙannen ɗalibai da mazauna gundumar. Ka nemi duka biyun, ka karɓi kujerar unguwa ka yi rajista, ka bar bazara ta nuna maka ko sabuwar ta samu gininta da malamanta da yaranta. In kuma ka shiga, zuwa Nuwamba ka ga shugaba ta tafi ko an canza wa ɗanka malama sau biyu, ba sai ka jira ƙarshen shekara ba: cibiyoyin karɓar iyalai na ma'aikatar ilimi suna ba yaro gurbi a kowane lokaci na shekara, sai dai wataƙila ba a makarantar da ka fi so ba in ta riga ta cika.